Daga Bakin Ƙofar Doka

 Ran nan 'yata ta tambaye ni, wai don me ake ce wa wajenmu Ƙofar Doka, ga shi ko ba ta taɓa ganin ƙyaure ba. Na yi dariya, amma daga baya abin ya tsaya mini a rai.

To, ku saurara. Birnin Zariya kewaye yake da ganuwa ta ƙasa, da ƙofofi, irin su Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Tukur-Tukur. Tamu ita ce ta wajen arewa. Kakata, Allah ya ji ƙanta, takan ce a zamanin iyayenta da magariba ta yi sai a ja ƙyaure, wanda ya makara ya kwana waje. Bayan ƙofa kuwa sai gonaki da daji.

Da Turawa suka zo a 1902, jirgin ƙasa ya biyo baya a 1911, sai gari ya fara tsirowa a bayan ganuwa. Mutanen kudu aka zaunar da su Sabon Gari, kusa da tasha, ƙetaren kogin Kubanni. Baƙi 'yan Arewa kuwa aka ba su Tudun Wada, watau daga ƙofarmu har zuwa kogin. Shi ya sa duk mai fita birni zuwa kanti ko tasha ta gabanmu yake bi. A Zariyan nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Sa'ad da aka kai gwaggona aure Tudun Wada, kuka tsofaffi suka yi ta yi, wai an kai ta bayan gari. Allah Sarki, tafiyar da ba ta isa a ɗaura takalmi ba!

Abin da ya dame ni dai ganuwar nan. Damina na cinta, masu gini na cinta, mu ma mata da hannunmu a ciki. Ni da kaina na taɓa aiken yara su sassaro mini ƙasarta don yaɓen murhu, ba na ɓoye muku. Wurin da suka ɗiba yanzu akuya ma tsallakewa take yi.

Ran Asabar na kama hannun yarinyar, muka tafi inda sauran tudun yake. Ta hau, ta duba birni, ta juya ta duba Tudun Wada, ta ce gobe za ta kawo ƙawayenta.