Kallo Daban, Koyo Daban

Masu saurarenmu a nan Maraɗi sukan kira gidan rediyo su ce sun kalli bidiyon gyaran salula ko yankan riga har megarsu ta ƙare, amma hannu bai kama komai ba. Ina ganin na san dalili. Rediyo ya saba mana da saurare muna wani aikin. Bidiyon koyarwa kuwa so yake ka zauna da kayan aiki a gabanka.

Ni a YouTube na koyi tace murya da manhajar Audacity, bayan na gama makarantar koyon aikin jarida. Bidiyo ɗaya nake zaɓa, in fara duba ranar da aka ɗora shi, domin manhaja tana canzawa: maɓallin da malamin ya nuna shekara 5 baya wataƙila ya koma wani wuri. In kalle shi sau ɗaya har ƙarshe a 360p don tsimin mega, sannan in dawo farko. Idan Faransancin ya yi mini sauri, in rage gudun zuwa 0.75. Kowane mataki sai in tsayar, in gwada da hannuna, in rubuta shi da Hausa a littafi. Ranar da aka ɗauke wuta ko mega ta ƙare, littafin yana nan.

Abin da ya shafi wutar lantarki, gas ko magani kuwa, bidiyo kaɗai bai isa ba. Ka nemi gwani ya tsaya a kanka, domin malamin cikin waya ba ya ganin kuskurenka.