Adashinmu da bankin da manoman koko suka gina

'Yan uwa, yawancin manoman da muke sayen goro a hannunsu a ƙauyukan Ibadan da Shagamu ba daga banki suke cin bashi ba, daga ƙungiyar gama kai ta ƙauyensu ne. Kowa yana zuba abin da ya sawwaƙa duk wata. In ya jima yana zubi, sai a ranta masa kamar ninki biyu na abin da ya tara, 'yan ƙungiya biyu su tsaya masa. Ba a neman takardar gida, don an san gonarsa, an san halinsa, kuma in ya ƙi biya, maƙwabcinsa ne zai kwana a ciki.

Abin ya daɗe. A 1935 Turawa suka yi dokar ƙungiyoyin gama kai, manoman koko suka rungume ta, har aka buɗe musu Co-operative Bank a Ibadan a 1953. Da Soludo ya ce a 2004 kowane banki sai ya mallaki jarin naira biliyan 25, aka haɗe shi da wasu ya zama Skye Bank, wanda Polaris ya gaje shi a 2018. Yau jikan manomin koko in ya shiga neman rance, jingina za a tambaye shi kamar kowane baƙo.

Ba mu raina banki ba. Ta nan muke tura kuɗi gida, kuma ajiyarsa tana da inshorar gwamnati, abin da adashinmu ba shi da shi. Ranar da mai tara kuɗi ya rasu ko ya ɓace, ba mu da ko littafin da za mu nuna wa alƙali. Amma rancen banki da ruwa yake zuwa, mu kuwa mun san hukuncin riba.

Shi ya sa muke goyon bayan a yi wa adashin nan rajista, a riƙa rubuta kowane zubi, a buɗe masa asusu da sa hannun mutum uku. Maimakon ruwa, ƙungiya ta sayi kayan ta sayar wa ɗan uwa da ribar da aka yi ittifaƙi, ya biya kaɗan-kaɗan. Sharaɗinmu ɗaya ne: kada a karɓi wanda ba a samu mutum biyu a zango da suka san gidansu a Arewa ba, ko nawa zai zuba.