Zagayen Wani Dattijo Da Keke A Kan Dutsen Jos

Mutanenmu sun san keke tun zamanin Turawa, amma galibi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suka san shi, inda mutum zai taka daga Kano zuwa Wudil bai sauka ya tura ba. Ƙasar Jos dabam take. Garin kansa yana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200 daga bakin teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun haura mita 1,800. A nan babu gangarar da ba a biyan kuɗinta da hawa, kuma wanda ya raina tudu kafin ya iso shi, ƙirjinsa zai gaya masa gaskiya.

Akwai wani dattijo a Jos, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya ba shekara 60 baya. Mahaifinsa ya zo daga ƙasar Kano yin leburancin kuza, shi kuwa a Bukuru aka haife shi. Bayan ya yi ritaya likita ya auna shi, ya ce jininsa ya hau, sai ya rage gishiri ya kuma motsa jiki. Shi ke nan ya fito da keke, ya sa masa sabuwar sarƙa da robar birki. Ya yi wata uku yana zagaya unguwa, sa'an nan ya ɗaura niyyar babban zagaye: daga Jos zuwa Miango, ya ɓulla Vom da Kuru, ya biyo ta Bukuru ya dawo gida, duk a wuni ɗaya.

Iyalinsa ba su so ba, kuma suna da hujja. Tun rikicin watan Satumba na 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, Jos ta rabu unguwa-unguwa, kowa ya san inda yake iya shiga da inda ba ya iya shiga. Ƙauyukan yamma sun sha hare-hare, matafiya ma sun rasa rayukansu a hanyar Rukuba a 2021. Saboda haka shirun da ke kan waɗannan hanyoyi iri biyu ne: akwai na ƙauye, akwai na tsoro. Dattijon bai yi gardama ba. Ya jira lokacin da ƙura ta lafa, ya aika wa wani tsohon abokin aikinsa, mutumin Irigwe da ke Miango, ya tambaye shi halin da ake ciki. Sai da amsa ta zo cewa lafiya lau, kuma za a tarye shi, sa'an nan ya sa rana.

Ya fita bayan sallar asuba cikin watan Disamba, sanyin hunturu yana yankan yatsu. A bayan keke ya ɗaure gorar ruwa biyu, da famfo, da kayan faci, da dabino da ƙuli-ƙuli. Da ya bar gidajen gari sai hanya ta fara halinta. Mahayin da ya ƙware yakan sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin tudu ya kama shi, domin in ya bari sai feda ta yi nauyi, sarƙa ba ta yarda ta sauya cikin daɗi. Yana zaune a kan sirdi, yana juya ƙafa da sauri maimakon dannawa da ƙarfi, numfashi yana tafiya daidai da tako. Inda hawa ya fi ƙarfinsa ya sauka ya tura, bai ga abin kunya a ciki ba.

Gangara ma tana da nata haɗarin, har ta fi hawa. A wurin da kwalta ta ƙare aka shiga burji, tsakuwa takan zame a ƙarƙashin taya, wanda ya damƙe birkin gaba shi kaɗai kuwa sai ya tashi ta saman kan keke. Don haka yake matsa birki biyu tare, kaɗan-kaɗan, ya rage gudu kafin kwana.

A gefen hanya gonaki ne ƙanana, an kewaye su da shingen ƙerana, an riga an girbe acca, masu noman rani suna ban ruwa ga dankalin Turawa da kabeji a bakin rafi. Manyan duwatsu sun hau kan juna kamar an jera su da hannu. Mota ba ta wucewa sai jefi-jefi, sai babur da mata ɗauke da itace.

Da hantsi ya isa Miango. Abokin nasa yana jiransa a bakin hanya, suka rungume juna. "Malam, ashe da gaske kake yi! Da wannan furfurar?" Shi kuwa ya ce, "Ai kai ma, aboki, taka ta fi tawa." Matar gidan ta kawo kunun acca, ta ce, "Baba, sannu da hanya, ina su Hajiya?" Shekara 20 ke nan rabon da ya sa ƙafa a gidan, alhali tsakaninsu bai fi tafiyar sa'a guda a mota ba. Da zai tashi, abokin ya sa ɗansa ya raka shi a kan babur har ya fita daga yankinsu.

Daga nan zuwa Vom ne jiki ya fara kuka. Rana ta take, iska tana bugowa ta gaba, cinyoyi suna zafi. Ya tsaya ya yi azahar a gindin dutse, ya ci dabino, ya huta rabin sa'a. Ya wuce Vom, inda aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a 1924, ya wuce Kuru, inda aka buɗe cibiyar nazarin manufofi da dabarun mulki ta ƙasa a 1979. Kusa da Bukuru ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ruwa kwance shuɗi mai zurfi, da tsibin jar ƙasa a gefe. Irin waɗannan ramuka mahaifinsa ya haƙa da diga, yana ɗaukar ƙasa a kwano a ka. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni suka watse, ramukan suka zama na masu lambu.

Daga Bukuru zuwa Jos babbar hanya ce, motoci da Keke Napep sun cika ta, dole mahayi ya lafe a gefe ya buɗe ido. Ya shiga gida ana kiran magariba, ƙura ta rufe shi har gira. Kwana biyu yana ɗingishi.

Tun daga ranar, duk wata yakan maimaita zagayen in hanya tana da lafiya, in kuwa aka ce masa ya dakata sai ya dakata. Yanzu samari uku na unguwarsu suna binsa, kuma a zuwansu na baya ɗan abokin nan na Miango ya ari keke ya biyo su har Jos, ya kwana a gidan dattijon.