Mun kai jirginmu Gobir, amma bai tashi sama ba

Mu bakwai ne a ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu a Sakkwato, uku daga cikinmu 'yan Isa da Sabon Birni. Zango biyu muka yi muna haɗa ƙaramin jirgi maras matuƙi, mai miƙaƙƙun fukafukai irin na shirwa. Da aka yi hutu muka naɗe shi a kwali, muka bi hanyar Goronyo tare da malaminmu, don mu nuna wa iyayenmu abin da ya cinye mana kuɗin tara.

Duk wanda ya bi hanyar nan ya san motar takan yi tsit da an wuce Goronyo. Kowa sai addu'a. Amma ƙasar tana da kyau: fadamun gulbin Rima shar da shinkafa da albasa. A ƙaramar hukumar Sabon Birni ne kufan Alkalawa yake, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Yau matsalar tsaro ta hana manoma da yawa zuwa gonakinsu na nesa, mara lafiya kuma yakan kwana yana jiran gari ya waye kafin a fita da shi.

Abin da ya sa muka zaɓi mai fukafukai ke nan. Jirgi mai farfela huɗu da ƙarfin batir kaɗai yake rataye a sama, shi ya sa yake saurin gajiya. Mai fukafukai kuwa iskar da ke ratsa fiffikensa ce take ɗauke da shi, sai ya yi nisa da batir kaɗan. Da irinsa kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin Ruwanda a 2016, daga baya ya zo jihar Kaduna. Rundunar sojin saman Nijeriya ma ta ƙaddamar da nata mai suna Tsaigumi a 2018.

Namu dai na yara ne. Jiki da fiffike na farin soson da ake tallafe firji da shi a kwali ne. Mutum biyu suka yanka fiffike, biyu suka ɗaura inji da batir, sauran suka koyi saita 'yar ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam tana juya jela da kanta, ta bi wuraren da aka zana mata a taswira.

A Isa muka fito da shi ƙofar gida, yara suka yanyame mu. Kakan ɗaya daga cikinmu ya juya shi a hannu, ya tambayi irin ƙarar da yake yi. Da muka kunna injin sai ya girgiza kai.

"Ɗiyana, wanga abu ba ku tashe shi nan. In mata sun ji ƙara bisa, goyo za su ɗauka su sheƙa."

Malaminmu ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Dama doka ba ta yarda a tashi irinsa ba sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na jami'an tsaro."

Ranmu ya sosu, amma muka cire farfelar, muka tafi fili muna cilla shi da hannu. Jifan farko ya ɗaga hanci, ya tsaya cak, ya faɗo. Wani ƙanenmu mai ƙera motar kara ya ɗora shi a kan yatsu biyu ya ce bayansa ya fi nauyi. Haka littafinmu ma ya ce: ma'aunin nauyi ya zauna wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. Muka matsar da batir gaba, muka ɗinke tsagar da tsinken tsintsiya da gam. A jifa na huɗu ya miƙe sumul, ya sauka a kan cikinsa, yara suna bin sa da ihu.

Washegari a Sabon Birni wani mai gyaran waya ya like mana wayar da ta tsinke, ya ƙi karɓar ko sisi. Sharaɗinsa ɗaya: ranar da muka sami izini, a fara ɗauko masa hoton gonarsu ta bakin gulbi, wadda ya yi damina uku bai taka ba.

Mun rubuta sunan gonar a ƙarƙashin fiffiken hagu. Takardar neman izinin kuma muna kan rubuta ta.