Giwar Baba da Hawan Mambila

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu, a shekarar 2019, ba a yi jayayya a kan gida ko gona ko shanu ba. Abin da ya tsayar da zaman shi ne wata tsohuwar mota da ke ajiye ƙarƙashin bishiyar mangwaro a gidanmu na Jalingo, tayoyinta biyu sun sace, kaji kuma sun mai da ƙarƙashinta akurki. Yayanmu ya ce 'yan gwangwan sun riga sun taya, a sayar a raba kuɗin kowa ya huta. Ni kuwa ban san lokacin da na ce a yi mata kuɗi a sa ta cikin rabona ba. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai da ba ka san komai ba sai alli da allo, me za ka yi da gawa?" Inna ba ta tanka ba, amma na ga ta waiwaya ta dubi motar.

Motar nan ƙirar Toyota Land Cruiser ce, samfurin 80, ta shekarar 1991. Baba ya saye ta na hannu a 2003, ya raɗa mata suna Giwa, ya yi shekara goma sha biyar yana jigilar kaya da ita tsakanin Jalingo da Gembu. Injinta shi ake kira 1HD-T, mai silinda shida a jere da girman lita 4.2, kuma man dizal yake sha, wanda muke ce wa gas. Babu kwamfuta a jikinsa, famfon mai ne kurum na ƙarfe ke auna wa kowace silinda rabonta. Wannan shi ya ba ni ƙarfin zuciya, domin abin da aka ɗaura da noti, mai haƙuri yana iya kwance shi.

Ya kamata in ɗan yi wa mai karatu bayanin yadda irin wannan inji yake aiki, don abin da zai biyo baya ya fito sarari. Injin gas ba ya bukatar filogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan nozul ta fesa mai a cikinta, ya kama da kansa. Shi kuwa tabo wata 'yar farfela ce da hayaƙin injin ke juyawa, tana iya zagaye fiye da dubu 100 a minti guda, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa ƙarin iska cikin injin. Gwargwadon iskar da ta shiga, gwargwadon man da zai ƙone tas. Idan mai ya rinjayi iska, sai baƙin hayaƙi da zafi mai tsanani su biyo baya. Duk wannan na karanta shi tun farko, amma ashe karatun bai wuce idona ba.

Ban fara aikin ba sai da damina ta ɗauke a 2021. Wanda ya kama mini shi ne tsohon direban Baba, dattijon da muke kira Kawu don girmamawa. Ƙarfinsa ya ragu, idonsa ma haka, saboda haka kowace Asabar sai ya zauna bisa tabarma a gindin mangwaro yana faɗa, ni ina yi. Ranar farko na sayo sabon batir ina ɗokin in murza makulli, ya hana ni. Ya sa na zubar da tsohon man da ke tanki, sai ga ruwa da laka sun biyo bayansa. Muka sauya matatar mai da ta iska da baƙin mai, na yi ta danna ɗan famfon hannu da ke kan matatar har iska ta fice daga layin. Daga nan ya sa na juya injin da babbar sifana, zagaye biyu cur, don mu tabbatar babu abin da ya cije. Bel ɗin taimin, wanda ƙa'idarsa a sauya shi duk bayan kilomita 100,000, ba wanda ya san shekarunsa, don haka muka sa sabo, domin in ya tsinke ana tafiya fistin da bawul ne za su yi karo. Na kwanta ƙarƙashin motar na kwance kaskon baƙin mai, na sauya 'yan ɓawon ƙarfen da sandunan fistin ke juyawa a kansu. Guiwoyin ƙafafun gaba kuwa, inda giris da man giya suka cakuɗe suna tsiyaya, sun ci mini Asabar uku da fatar yatsu biyu.

Ranar da Giwa ta tashi, ta yi tari sau biyu, ta yi aman farin hayaƙi, sa'an nan ta daidaita da irin gurnanin da muka tashi muna ji da asuba. Inna ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ta tsaya jim, ta koma ciki ba ta ce uffan ba. Da a nan na tsaya, da labarin ya ƙare lafiya.

Amma ɗan Adam ba ya ƙoshi. Na shiga karance-karance game da yadda mutanen Ostireliya, waɗanda suka shahara da son irin wannan mota, suke ƙara mata ƙarfi da tsayi. Na sa dogayen sifirin da suka ɗaga ta da kimanin santimita 5. Na sayo tayoyin da suka fi nata na asali girma. Na kai ta wurin mai walda ya yi mata salansa mai faɗi, don hayaƙi ya fita a sake. Daga ƙarshe na je ga abin da ya fi kowanne araha, wato wani ɗan sukuru a bayan famfon mai, wanda in an sassauta notinsa aka murɗa shi ciki kaɗan, injin zai riƙa samun ƙarin mai. Na murɗa shi, na zaga gari, na ji mota tana fizga kamar an cire mata shekara goma. Abin da na tsallake a karatuna shi ne, masu hankali daga cikin mutanen can ba sa taɓa sukurun nan sai sun fara sa ma'aunin zafin hayaƙi, sau da yawa har da na'urar sanyaya iskar da tabo ke turawa, wadda wannan inji bai zo da ita ba.

Kawu ya tsaya yana kallon hayaƙin da na bari a ƙofar gida. Ya ce, "Ɗana, ka ƙara mata abinci. Ka ƙara mata numfashi?" Na ce, "Kawu, ai zamani ya ci gaba." Bai ƙara magana ba. Na dai ga ya sunkuya cikin injin da ƙusa a hannu, ban kuwa tambaye shi dalili ba.

A watan Disamba na 2022 saƙo ya zo daga Nguroje cewa yayar Inna tana kwance, jiki ya tsananta. Yaya ya ce a ɗauki shatar mota, Inna ta ce ita a Giwa za ta tafi. Muka yi sammako, ni a sitiyari, Kawu a gefena, Inna da ƙanwata a baya, da buhunan tsaraba. Muka wuce Bali da Serti lami lafiya, har na fara yi wa kaina kirari a zuci. Daga Mayo Selbe aka fara hawan tsaunin Mambila, hanya tana nannaɗe dutse kamar rawani, dutse a hannu guda, rami mai zurfi a ɗayan. Bisa tudun nan ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma duk sanda aka ƙara sama iska ƙara sirancewa take yi. Manyan tayoyin da na yi alfahari da su suka sa injin yana nishi a giyar da a da yake hawa da ita cikin sauƙi. Na ƙara taka totur. A madubi ba na ganin komai sai baƙin hayaƙi, allurar zafi kuwa ta bar tsakiya tana rarrafe zuwa ja.

Na samu ɗan fili na raɓe, na kai hannu zan kashe mota. Kawu ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Kada ka kashe ta da zafinta, ruwa zai daina zagayawa, mai kuma ya ƙone a cikin tabo. Duba ƙasa, in ba ta zubar da ruwa, bar ta ta yi ta numfashi a hankali." Ba ta zubarwa. Ya kuma gargaɗe ni da kada in kuskura in taɓa murfin lagireto. Muka tsaya muna kallon allura, ni kuwa ina lissafin abin da zai faru idan gaskit ya ƙone ko kan inji ya tsage a wannan daji. Daga baya sai muryar Inna: "Za mu isa kuwa?" Ban iya amsa mata ba.

Da allura ta sauko, muka kashe injin ya huce. Kawu ya ce in ɗauko sifana da sukudireba in leƙa bayan famfon mai. A nan na ga ɗan zanen da ya yi da ƙusa, daidai inda sukurun yake kafin in taɓa shi, domin a gabansa na murɗa, ya kuma ƙirga. Na mai da shi mazauninsa. Ya ce in sa ƙaramar giya, in bar injin ya yi ta juyawa a sake, kada in matsa masa. Haka muka hau, a hankali kamar masu rakiyar amarya, manyan motoci ma suna wuce mu. Mun shiga Nguroje bayan magariba. Mun tarar da mara lafiya da sauran hankalinta, ta gane ƙanwarta, suka gana. Bayan kwana uku Allah ya karɓi abarsa.

Da muka komo gida na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na kai lagireto aka buɗe, sai ga kusan rabin bututunsa sun toshe da gasarar ruwan rijiyar da aka yi shekaru ana ɗura masa. Na tarar wani ya taɓa cire tamostat ya jefar, kamar yadda wasu makanikai kan yi da zaton suna taimakon inji, na sa sabo, na zuba ruwan sanyaya inji na ainihi. Cibiyar fanka, wadda wani mai mai kauri ke sa ta kama idan zafi ya tashi, ita ma ta saki, na gyara ta. Na sayar da manyan tayoyin na koma girman asali, na bar sifirin da salansa domin ba su yi laifi ba. Sa'an nan na huda bututun hayaƙi gab da tabo na dasa ma'auni. Masana suna gargaɗin kada a bar zafin wurin ya daɗe sama da digiri 700. Ko da sukurun yana mazauninsa, na ga yadda hawa kaɗan da nauyin ƙafa ke cilla allurar sama, sai jikina ya yi sanyi da na tuna Mambila. Daɗin daɗawa, a shekarar 2022 ɗin ce kuɗin gas ya ninka fiye da sau biyu a Nijeriya, ke nan hayaƙin da nake taƙama da shi albashina ne ke bin iska.

Har yanzu ban fid da ran ƙara wa Giwa ƙarfi ba. Ina tara kuɗin na'urar sanyaya iska, in ta samu zan murɗa sukurun nan kaɗan, idona a kan ma'auni, Kawu kuma a kan tabarmarsa. Kwanan baya Yaya ya aiko a ba shi aron mota zai kwaso masara daga gona. Na kai masa makulli da kaina, na ce, "Yaya, ga gawar nan. In ka tsaya, ka ba ta minti biyu kafin ka kashe."