Ina Ne Gabashin Sudan?

Kafin Kakata ta rasu ta bar min wasiyya ɗaya, in nemo zuriyar ƙanwarta da ta tafi aikin hajji a ƙasa ba ta dawo ba. Abin da muka sani kawai shi ne tana "gabashin Sudan". A 2018 Maigida ya ce in shirya mu je.

Muna sauka Hartum na gane aikin ba ƙarami ba ne. Ni a zatona duk inda ya wuce Hartum ta wajen fitowar rana gabas ne. Har na ce mu fara da Maiurno, garin da mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Direbanmu ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai Maiurno a jihar Sinnar take, ba ta cikin gabas."

Shi ya warware min. In Basudane ya ce gabas, jihohi uku yake nufi: Gadarif, Kasala da jihar Bahar Maliya. Da jiha ɗaya ce, a 1994 aka raba ta uku. Ta ɓangaren ƙasa tana iyaka da Habasha da Iritiriya, can arewa da Masar, sai kuma teku, inda Bur Sudan da Sawakin suke, tsohuwar tashar da alhazai ke tsallakawa Jidda.

Kin ga an rage mana nema. A Gadarif muka ratsa gonakin dawa da riɗi iya ganinki, ba mu dace ba. Sai Kasala, gindin duwatsun Taka, bakin kogin Gash wanda ba ya kawo ruwa sai da damina. Can amaren Sudan ke zuwa hutun angwanci, suna shan gahawa a gindin dutse. Maigida ya ce mu ma mun sabunta namu!

A wata unguwar Hausawa wata tsohuwa ta ƙura min ido, ta kira sunan Kakata. Wallahi sai hawaye. Ashe ɗiyar wadda muke nema ce.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, in an ambaci Sudan a rediyo nakan kasa kunne in ji wace jiha ce. Ku taya mu addu'a, Allah Ya tsare mana su.