Bashin Afrilu Da Ya Koma Maris

Jama'a, duk marubucin da ke bai wa dilolin Kasuwar Sabon Gari littattafai bashi ya san kwanan wata ne shaidarsa. Mu rana muke fara rubutawa, sannan wata. Amurkawa kuwa wata suke sawa gaba, kuma kwamfutoci 'yan gwanjo da yawa da saitinsu suke iso mana. Ka rubuta 3/4/2024 a Excel kana nufin 3 ga Afrilu, ita ta ajiye 4 ga Maris. Da aka buga min lissafina a wata kwamfutar mai saitin Ingila a nan Sheshe, sai ga 04/03/2024, wani dila ya kafe wai a Maris littafin bai fito ba, balle ya karɓi kwafi 200.

Ga alamar: daga ranar 13 zuwa sama, tunda babu wata na 13, kwanan yana maƙalewa hagu kamar rubutu, sauran suna dama. A mayar da saitin yanki na Windows zuwa Najeriya, ko a riƙa rubuta 2024-04-03. Waɗanda suka riga suka juye kuwa, sai an ɗauko rasit an bi su ɗaya bayan ɗaya.